Kaset Ukun Kawu Wada

A gidanmu ni ce mai ajiya. Takardun haihuwa, hotunan biki da suka fara dushewa, katunan asibiti na rayayyu da na matattu, duk suna cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadona, saboda ni ce na yi lakwal, wato boko, har lise, babbar sakandare, kuma an san ba na zubar da komai. A cikin akwatin akwai kaset guda baƙi, an rubuta "Inna" a jikinsa da jan bik, wato biro. Idan ka karkata shi wajen haske za ka ga alamar wani rubutu a ƙarƙashi wanda aka kankare da reza. Kaset ɗin na Kawu Wada ne, ƙanen mahaifiyata. Labarinsa nake so in rubuta, domin yau in ka tambayi danginmu wane ne Wada, amsar ba ta wuce cewa mai gyaran rediyo ne, gurgu, mai haƙuri, sai dai yana da wani ɗan abu a kansa. Ni na zauna kusa da shi shekara takwas, na san mene ne wannan ɗan abun.

An haife shi a Tajaye. Kakata Jummai, wadda suke kira Inna, 'ya'ya biyar ta raya: Kawu Ɗalha babba, wanda ya riƙe gona, sai mahaifiyata Sa'a da aka aurar Konni, sai Maikano, sai Wada, sai auta Mumuni. Shan-inna ya taɓa ƙafar Wada ta hagu tun yana rarrafe. A Tajaye namiji hanya biyu gare shi, gona da damina, ci-rani da rani, kuma ƙafar ta rufe masa duka biyun. Maikano ya tafi Abijan, Mumuni ya bi ta Agadas zuwa Libiya, shi kuwa aka kawo shi Konni wurin wani Basakkwace mai gyaran rediyo. Da maigidan ya tsufa ya koma gida, ya bar masa tebur da rumfar kwano a bakin tasha. A ɗakin zauren gidanmu yake kwana. Ya yi aure sau ɗaya, auren bai kai shekara biyu ba, bai kuma sake ba.

Amfaninsa ga dangi a wurin saƙo yake. Mutanenmu ba su cika rubuta wasiƙa ba, kuma ko an sami mai rubutawa, uwa ba ta yarda da takardar da ba ta iya faɗa ko kuka. Kaset ake yi. A zauna gaban rediyo, a danna jan maɓalli, kowa ya matso ya faɗi nasa, tun daga gaisuwa har labarin akuyar da ta haihu, sannan a ba direba ko wani mai komawa. Ƙa'idar ita ce a cika gefe ɗaya kawai, a bar bayan kaset ga wanda aka aika wa, ya yi amsa a kai ya maido, muryar uwa da ta ɗa su dawo gida tare. Wanda ya maido kaset ɗin uwarsa babu amsa, gari ya sami abin faɗi ke nan. Kawu Wada ne mai danna maɓallin gidanmu, da na rabin unguwarmu ta Tajaye.

A shekarar dubu biyu da ɗaya ina ajin farko na kolej, ni ke kai masa abincin rana idan na taso. Wata rana na tarar da wani jandarma dogo zaune a bencinsa, mutumin gabas, sunansa Moctar. Rediyonsa ne ya haɗiye zaren kaset. Kawu ya buɗe cikinsa, ya zaro zaren a hankali kamar mai tsefe kai, ya yanke inda ya taune, ya haɗa, ya zura bik a ramin ya naɗe. Sannan ya saka don gwaji.

Da farko wani ƙugi ne siriri ya fito, irin wanda rediyo ke yi idan tasha ta ɓace. Kawu har ya kai hannu zai kashe, yana zaton aikinsa ne bai yi ba. Sai ƙugin ya lanƙwasa, ya hau, ya sauko, ya sake hawa daidai inda ya hau da farko. Wani bugu ya shigo ƙarƙashinsa, a tsaye, ba ya gaggawa ba ya jinkiri. Sannan muryar mace, can sama, a natse, kamar ba ta san ana sauraronta ba. Hannun Kawu ya tsaya bisa maɓallin bai sauka ba.

Ya tambayi jandarman makaɗa nawa ne. Moctar ya ce mutum biyu ne kacal, Turawa, mace mai waƙa da namiji mai na'urori, ya samo kaset ɗin ne lokacin da aka tura shi horo waje.

"Ina mai gangar?" in ji Kawu.

"Babu ganga, maigida. Babu fata, babu tsirkiya. Wuta ce kawai cikin waya."

Kawu ya roƙi a bar shi ya ji har ƙarshe, wai don ya tabbatar haɗin ya riƙe. Ya ji gefe ɗaya, ya juya, abincin ya huce a kwano. Moctar ya gaji da zama, ya yi dariya ya ce ya riƙe kaset ɗin, shi dama ya ishe shi, rediyonsa yake so. Bayan wata biyu aka ɗauke shi daga Konni, ba mu sake jin labarinsa ba.

Da na ɗauki kwanon zan tafi, Kawu ya ce, "Raihana, shekara ashirin ina korar ƙugi daga rediyon mutane. Ashe akwai waɗanda sunka kama shi sunka sa mai linzami."

Sunan mutanen biyu yana rubuce a jikin kaset da hannun Moctar. Na karanta masa sau uku, harshensa ya ƙi. Ya ce ba zai zauna da mutane kullum yana tuntuɓe da sunansu ba, ya raɗa musu Mairo da Tanimun, kuma haka muka kira su har ya rasu.

Bayan la'asar, idan aiki ya lafa, yakan rufe rumfa ya dawo zaure. Ya karɓi wani tulu na mahaifiyata ya kifa lasifika a bakinsa, sai bugun ya riƙa fitowa daga cikin tulun, mai zurfi, har ka ji shi a tafin ƙafarka. Ni nakan zauna a bakin ƙofa da kaye, littafin rubutuna, ina aikin lakwal, aikin da ba ya ci gaba. Yakan ce in bar Mairo, kowa yana jin Mairo, in bi Tanimun. Ya koya mini in ƙirga bugun huɗu-huɗu, in jira inda wani sauti kamar ɗigon ruwa a tasa zai shigo, in lura ya shigo ta hagu ya fita ta dama. Ya ce mutumin nan ba ya barin komai ya faɗi da kansa, kowane ɗigo shi ya ajiye shi. Abin da ya fi burge shi ke nan, ina jin: aikin mai haƙuri ne, wanda ke zaune wuri guda da wayoyi gabansa.

Kaset na farkon mai sauri ne, na yara masu jini a jika. Da ya haddace shi sai ya ce waɗannan mutanen ba za su tsaya a ɗaya ba. Na rubuta masa sunan a takarda, ya ba wani direban hanyar Sakkwato. Takardar ta yi wata bakwai a aljihun direban, ta jiƙe ta bushe, kafin wata rana ya jefo masa kaset na biyu ta tagar mota. Wannan har da hoto: mace mai gajeren gashi tana kallon gefe, namiji a bayanta, rabin fuskarsa a duhu. Kawu ya daɗe yana kallon hoton, ya ce Tanimun bai yi kama da yadda ya zata ba, ya fi ƙuruciya. Kiɗan kuwa a hankali yake, mai sanyi, bugun kamar daga wani ɗaki yake zuwa. Ya ce an yi wa Mairo rasuwa tsakanin na farko da wannan. Ya sa ni in fassara masa, ni da Ingilishina na aji uku. Na tsinci ruwan sama, na tsinci jirgin ƙasa, sauran ya wuce ni. Ya ce in bari, abin da ya ji ya ishe shi.

Na uku sai da ya tashi ƙafa da ƙafa. Ya ji labarin wani malamin lakwal da aka kawo Dogarawa yana da shi a faifai. Ya rufe rumfa, ya ɗauki rediyonsa da wayoyinsa ya hau motar ƙauye, ya yi yini guda can yana kwafewa. Ya dawo ransa a ɓace. Mako biyu yana cewa Tanimun ya yi girman kai, ya danne yarinyar mutane, ko'ina na'ura, Mairo sai can ba a rasa ba. Sannan wata la'asar na shigo na tarar ya maido wuri ɗaya har sau biyar. Ya ɗaga mini hannu kada in yi magana. Kiɗan ya yi ta raguwa har ya rage sauti guda siriri, sai muryar ta shigo daidai bisa sautin, har ba ka iya cewa ga inda na'ura ta ƙare ga inda mutum ya fara.

"Ba danne ta ya yi ba," in ji shi. "Wuri ya share mata."

Daga ranar na ukun ya zama nasa na gaban goshi.

A tasha kuwa kiɗan aljanu suke ce masa. 'Yan kamasho in sun wuce sai su tambaye shi ko injin niƙansa ya ci dutse. Kawu Ɗalha, idan ya shigo ranar kasuwa ya tarar ana ji, yakan tsaya a ƙofar zaure ya ce, "Wada, kai mai gyara na mutane, naka ya gagare ka?"

"Lahiya lau yake, Yaya."

"In wanga shi ne lahiya, mi ciwo zai ce?"

Kawu Wada yakan yi murmushi ya rage ƙara. Bai taɓa jayayya da kowa a kansu ba. Abin da kawai ya yi shi ne, wata rana ya ɗauki sukudireba ya ɓalle ƙananan haƙora biyu da ke bisa kan kowane kaset, ramuka biyu suka bayyana. Ya ce kaset ɗin da aka cire wa haƙoran nan, jan maɓalli ba ya shiga, ba mai iya yin magana a kansa. Na tambaye shi ko babu dabara sam. Ya yi dariya ya ce sai dai a toshe ramin da takarda, amma kada in gaya wa kowa.

Shekarar dubu biyu da huɗu fara ta ci gero, ruwa kuma ya ɗauke da wuri. Zuwa tsakiyar daminar da ta biyo baya rumbunan Tajaye babu komai, mata suna jiƙa 'ya'yan anza na daji kwana uku don ɗacinta ya fita a ci. A cikin wannan halin aka kira Kawu Wada Malbaza, ya gyara lasifikar wani masallaci, aikin kwana biyu. Ya tafi ranar Talata. Ranar Laraba, ranar kasuwar Konni, Kawu Ɗalha ya iso da Kaka Jummai da mata bakwai na unguwa. Sun ji cewa da yamma motoci uku za su tashi da mutanen da aka sani, ɗaya hanyar Abijan, ɗaya hanyar Agadas, ɗaya Ikko, inda 'ya'yan matan nan suke. Saƙo suka zo yi, kuma kowa ya san abin da saƙon zai ƙunsa.

Sababbin kaset suna rumfa a kulle, mabuɗi yana aljihun Kawu Wada. Mutanen da ba su da abin sayen mudun gero ba za a ce su shiga kasuwa neman kaset ba. Amma rediyon yana zaure, kuma ga kwalin kaset ƙarƙashin gado. Kawu Ɗalha ya jawo shi ya fara sakawa ɗaya bayan ɗaya. Na wa'azi, ya ce ba mai goge maganar Allah. Na karatu, ya sumbace shi ya ajiye bisa. Na mawaƙan gida, matan suka ce amanar masu kawo gyara ce, kuma akwai sunayen mutane ciki. Tsofaffin saƙonni na Maikano da Mumuni, Kaka ta rungume su a ƙirji ta ce ba a taɓa mata muryar 'ya'ya. Sai ya kai ga guda uku da aka naɗe a tsumma daban. Ya saka na farko, ya saurara, ya tura gaba, ya sake saurara.

"Wanga babu kowa ciki," ya ce. Matan suka yarda. Kaset ɗin da ba ka jin abin da ake faɗi a cikinsa, ba sunan kowa, ba gaisuwa, ba ambaton Allah, a wurinsu fanko ne. Ba mugunta suka yi ba. Sun duba da kyau, sun zaɓi abin da ba zai cuci kowa ba.

Na ce na Kawu Wada ne, kuma yana son su fiye da yadda suke zato.

"Na Wada ne, na ji. Shi Wada na wa ne?" in ji Kawu Ɗalha.

Ya danna jan maɓalli, ya ƙi shiga. Ya sake dannawa da babban yatsa har rediyon ya yi ƙara. Ya canza kaset, haka. Na tsaya ina fatan ya gaji. Sai Kaka ta juyo ta dube ni. Ta rame har zanenta ya zagaye ta sau biyu.

"Raihanatu, ke ce mai zama wurinshi. Yaya akan yi?"

Na ce to a bar ko guda ɗaya. Kawu Ɗalha ya tambaye ni wanne za a bari, Maikano, ko Mumuni, ko 'ya'yan matan nan da suka biyo shi tun asuba ba su karya ba. Ya ce in zaɓa, tunda ni ce mai ilimi. Matan bakwai suna kallona.

Na yago takarda daga kayen lissafina, na dunƙule, na toshe ramukan, kaset uku, ramuka shida. Ni na danna maɓallin.

Na Libiya aka fara, aka yi na Ikko, matan suna ta matsowa suna hawa maganar juna. Na ukun Kawu, wanda ya je Dogarawa dominsa, shi ya faɗa wa Abijan. Kaka ta zauna gaban rediyon ta gyara lulluɓi kamar Maikano zai gan ta. Ta gaishe shi, ta gaida matarsa da 'ya'yansa da sunayensu, ta ce ana lafiya, gero ne dai ya yi nisa bana. Ta ce in yana da hali ya tuna da gida, in ba shi da shi ya aiko da muryarsa, ita ma abinci ce. A nan tari ya kama ta, na tsayar, aka kawo ruwa. Da za a ci gaba ban danna ja ba, na danna na saurare. Kiɗan ya fito daga tulun, daidai wurin nan da sauti guda ya rage, muryar tana shirin shigowa. Na bar shi yana tafiya ina ƙirgawa a zuci. Na kai goma sha ɗaya Kawu Ɗalha ya ɗago ya dube ni. Na danna ja, Kaka ta ɗora daga inda ta tsaya.

Kawu Wada ya dawo ranar Alhamis. Mahaifiyata ce ta gaya masa, tana wanke-wanke, ba ta ma juyo ba, ta ce an ari kaset ɗinsa uku na hayaniyar nan an yi wa su Maikano saƙo. Ya shiga zaure ya buɗe kwalin, ya ɗaga tsumman ya kakkaɓe, ya ninke shi ya mayar. Ya zauna bakin gado. Na shiga na durƙusa na gaya masa ni ce na toshe, ni ce na danna. Sai na ce gefe ɗaya kawai aka cika a kowanne, bayansu yana nan.

Ya ɗago kai. Na Libiya da na Ikko ya san ba sa dawowa, masu ɗaukar su sukan wuce da su hannu zuwa hannu har su ɓace. Amma Maikano bai taɓa riƙe kaset ɗin Inna ba. Kawu ya tashi, ya ja ƙafarsa zuwa tasha a cikin rana, ya nemo wani mai tafiya Abijan mako mai zuwa. Ya ba shi saƙon baki, ni kuma na rubuta a takarda: Maikano ya yi amsarsa a wani kaset daban, kada ya taɓa bayan wannan.

Wata uku ya yi yana jira. Yakan lissafa mini waƙoƙin da ke bayan, huɗu ne, har da ta ƙarshe wadda ba a waƙa a cikinta sam. Ya ce rabi ma ya isa, mutum na iya zama da rabi. Duk motar da ta shigo daga yamma sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya bi ta da ido. Taimakon Maikano ya iso ta wata hanya, buhu biyu na shinkafa, aka ci. Kaka ba ta ci da yawa ba. Zazzaɓi ya same ta a jikin da babu abin kamawa, ta rasu kafin a yanke gero.

Kaset ɗin ya iso kwana biyu kafin sadakar arba'in. Direban ya miƙa wa Kawu a rumfa, ga rediyoyi biyar gabansa, kowanne yana aiki. Bai saka ba. Saƙon gida ba a buɗe shi sai gaban gida. Ya sa shi a aljihun gaba, ya kwana biyu da shi, ya kai shi Tajaye.

Bayan an watse daga addu'a aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Kawu Wada ya saka gefen farko. Muryar Kaka ta fito, tana gaida jikokinta ɗaya-ɗaya, mata suka rufe fuska da mayafi, Kawu Ɗalha ya sunkuyar da kai. Aka ji tarin. Sai kiɗan ya faɗo tsakiyar kukan, wasu suka yi dariya da hawaye a ido, wata ta ce aljanun Wada sun zo gaisuwa. Ni shi nake kallo. Leɓensa yana motsi, ƙirga yake yi. Muryar Mairo ta ja numfashi za ta shiga, sai Kaka ta ce, "To, Maikano, kamar yadda nike hwaɗa maka."

Da gefen ya ƙare ya juya kaset ɗin. Yatsansa ya ɗan tsaya, sannan ya danna.

Sallamar Maikano ce ta fito, da hayaniyar mutane a bayansa. Ya gaida Inna, bai san ta rasu ba lokacin da yake magana. Sannan ya ce, "Saƙon Wada ya iso, wai kada in yi magana bayan kaset. To ina zan yi ta? In maido ma Inna muryarta babu amsa, a ce mi a Tajaye? Na saurari abin, Wada, babu komi ciki, kada ka damu." Aka ji dariyar abokan ɗakinsa. Ya yi magana har zaren ya ƙare, bai bar ko taƙi ba.

Kawu Ɗalha ya share ido ya ce kun gani, da ba a yi saƙon nan ba, yau ina za a ji Inna. Ya ce Allah ne ya ajiye kaset ɗin nan don wannan ranar. Ya juya ya ce, "Ko ba haka ba, Wada?"

"Haka ne, Yaya."

A nan take Kawu Ɗalha ya karɓi reza ya kankare rubutun da ke jiki, ya ce in rubuta Inna. Na rubuta.

Da yamma muna bakin hanya muna jiran motar Konni, mu biyu. Kawu ya fito da kaset ɗin yana jujjuya shi. Ya kai farce ya zaro dunƙulen takarda daga rami ɗaya, sannan daga ɗayan. Ya warware su a tafin hannunsa, ga layukan kayena, ga rabin wani lissafi da rubutuna.

"Duka biyu kinka toshe?"

Na ce e.

"Kowane rami na gehe ɗaya ne," ya ce. "Ban gaya maki ba."

Ban san haka ba sai ranar. Da rami ɗaya na toshe, da maɓallin Maikano ya ƙi shiga. Wataƙila da ya gano dabarar, wataƙila da ya gaji ya nemi wani kaset, tunda ga saƙon Wada a hannunsa. Kawu bai ƙara kalma a kai ba, ranar ko bayanta. Motar ta zo, ya sa na riga shi shiga.

Ya sake ba direban Sakkwato takarda, amma kasuwa ta riga ta koma faifan fim, masu kaset sun canza sana'a. Malamin Dogarawa an mayar da shi can gabas mai nisa. Da wayoyin hannu suka yawaita na kai sunan wurin masu zuba waƙa a bakin kasuwa, suka duba suka ce ba su taɓa ji ba. Da na gaya masa ya ce in daina yawo da sunan mutane. Mahaifiyata ta karɓi tulunta ta wanke ta zuba ruwa, bai hana ba. Ya ci gaba da gyara, yana gwada rediyon mutane da labarai. 'Yan kamasho suka ce Wada ya warke. Bayan la'asar yakan zauna a zaure hannu bisa gwiwa, wani lokaci in ga yatsansa yana bugawa huɗu-huɗu, in ya lura ina kallo ya daina.

Ya rasu a farkon dubu biyu da tara, ciwon ƙirji, kwana goma sha biyu a kwance. Kayan aikinsa aka ba wani ɗan Tsarnawa da ya karɓi rumfar. Kaset ɗin ni aka ba, tunda ni ce mai ajiya. A cikin tsumman nan da ya ninke na sami dunƙulen takarda biyu, da hoton mace mai gajeren gashi da namiji a bayanta.

Kowace Sallah dangi sukan taru a gidanmu a ce in ɗauko Inna. Nakan ɗauko in saka. Idan aka zo wurin tarin Kawu Ɗalha yakan ce in tura gaba, a wuce hayaniyar. Nakan ce maɓallin turawa ya lalace, kuma mai gyara ba ya nan. Sai su jira daƙiƙa goma sha ɗaya, wasu suna hira, wasu suna gyara zama, har Kaka ta dawo.